Gaisuwar da Muka Kai Kamarawa

Ina tsugune bakin rariya ina wanke tukunyar koko, Baba ya kira ni daga ƙofar ɗakinsa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma bakinsa bai taɓa furta shi ba, "ki biɗo min kaki. Bana za ni fita fareti."

Na saki tukunyar ta gangara har gindin turmi. Na ce, "Baba, mi kac ce?" Ya maimaita, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni da nake da jikoki uku, hannuna duk kumfar sabulu. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga tana tambayar wa ya haihu. Na ce mata ba haihuwa aka yi ba, abin ya fi haihuwa.

Sai wanda ya san gidanmu zai gane wannan haukan nawa. Baba tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa tun gemu bai fito masa ba, ya dawo da tabon harsashi a cinya, amma tunda na yi wayo ban taɓa ganin sa cikin sahun mazan jiya ba. Duk shekara, ranar da ake tunawa da sojojin da suka kwanta dama, tsofaffin sojoji kan fito da kakinsu da lambobinsu su yi fareti a filin sakatariya nan Sabon Birni. 'Ya'yansu na tsalle suna nuna su da yatsa, wancan ne babana, wancan ne babana. Nawa uban kuwa tun da sassafe zai saɓa fartanya ya nufi fadama wurin albasarsa, ba ya dawowa sai an watse.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sunan da yara suka laƙaba mini a makaranta, wai ɗiyar mamaci. Na fasa bakuna a kan sunan nan ba ɗaya ba, ba biyu ba. Akwai wadda har yau tana nan da giɓin da na yi mata, muna haɗuwa a gidan biki mu gaisa.

Sunan yana da asali, kuma duk wani ɗan Kurawa, ƙauyenmu, ya san shi. Su biyu suka tafi soja rana ɗaya, Baba da amininsa, wanda darni ɗaya ya raba gidajensu. Da za su tafi kakata ta sa badukun garin ya ɗinka wa ɗanta kambu, layar nan da ake ɗaurawa a damtse, da jar fata da koren zare. Bayan shekara guda wani soja mutumin Isa ya dawo gida jinya ɗauke da kambun nan. Ya ce cikin waɗanda aka kashe a bakin wani kogi can kudu ya ga saurayi da tsagen Gobir a kumatu, ya kasa wuce ɗan'uwansa Bagobiri a yashe. Ya yi masa salla, ya rufe shi, ya kwance kambun don ya nemo masu shi. Bawan Allahn nan ya bi dukawa kasuwa-kasuwa yana nuna musu, don kowane baduku ya san ɗinkinsa, har ya zo kan na Kurawa. Kakata na ganin kambun ta faɗi. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Da yaƙi ya ƙare sai ga Baba ya shigo gari da ƙafarsa ranar kasuwa, mata suka zubar da ƙoren nono suka ranta a na kare. Da aka tambaye shi yadda kambunsa ya je damtsen wani, ya ce faɗuwa ya yi a daji, wataƙila wani ya tsinta. Amininsa kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Iyakar abin da na sani ke nan, ni da kowa, har ranar da na yi guɗar nan. Da la'asar, bayan na gama shela a unguwa, Baba ya sa na shimfiɗa tabarma gindin bishiyar dogon yaro ya ce in zauna.

"Kin cika gari da murna," ya ce, "ba ki tambayi dalili ba."

Na ce dalilin mi, ai ni ko ba dalili na gode Allah.

"Kambun nan bai faɗi ba. Ni na ɗaura mai shi da hannuna."

Na gyara zama. Ya ce ranar da aka raba su, rukunin amininsa ne za su fara tsallaka kogi, ga shi da zazzaɓi, jikinsa na ɓari. Baba ya kwance kambun ya ɗaura masa, ya ce ka maido min in mun haɗu. Ba su sake haɗuwa ba. Don haka ranar da ya dawo gida aka ce masa an ciro kambunsa daga jikin gawa mai tsage, nan take ya san gawar wa aka rufe.

"To mi ya hana ka faɗi?" Na ji muryata ta hau sama.

"Uwarshi ta riga kowa kama ni. Ta rungume ni tana dariya tana kuka, tac ce ga wanda anka ce ya mutu ya dawo, nawa ma shina bisa hanya. Uwata, shekarata ashirin da ɗaya. Na ce bari gobe. Goben ce har yau."

Tsohuwar ta rasu tana jiran ɗanta. Yanzu mutum ɗaya ya rage a gidan, ƙanwar aminin nan na Baba, wadda aure ya kai Kamarawa ta ƙasar Isa. Na san ta sarai, don takan zo Kurawa ganin gida, ko da yake ban taɓa zuwa gidanta ba, Gwaggo muke ce mata. Duk ɗan kasuwar da zai kai albasa ko shanu kudu sai ta tare shi ta ce ya riƙa duban fuskokin tsofaffi, in ya ga mai tsagen gida ya ce masa ana cigiyarsa. Mu kuma mu yi ta dariya muna cewa rikicin tsufa ne.

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Baba, shekara hamsin da ɗoriya! Baiwar Allah na aike kudu kana ji!" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Da na sauko na tambaye shi abin da ya tayar da maganar yanzu. Ya nuna gidan da ke kallon namu. Makonni kaɗan kafin nan ɗan gidan, soja ne matashi, ya rasu a bakin aiki. Baba na zaune ƙofar gida ya ga sojoji biyu sun zo cikin kaki, sun tsaya, sun cire huluna, sun faɗa wa uwar yaron da bakinsu.

"Haka aka yi wa soja," ya ce. "Ɗan'uwanshi soja shi ka zuwa da kaki shi faɗi, da shaidu a bayanshi. Ni na ci sadakar da ba tawa ba, shi ko ba a taɓa ɗaga hannu da sunanshi ba. In an tashi fareti za ni roƙi 'yan'uwana su raka ni Kamarawa."

Na ce, "In ta tsine maka fa?"

"Ta tsine. A dai yi mai addu'a da sunanshi kafin in tafi in ishe shi."

Ya kamata in ce daga nan murnata ta koma ciki, amma ƙarya zan yi in na faɗi haka. Fargaba na nan, haushi na nan, sai dai duk lokacin da na tuna Baba zai sa kaki ya taka a gaban jama'a, sai in ji ƙafafuna sun ƙi zama. Washegari na tasa shi gaba sai shagon tela. Telan ya ce aiki ya yi masa yawa, sai bayan mako biyu. Na ce masa in ya ga dama ya ajiye ɗinkin amaren duniya, wannan kakin mutumin da ya tsaya gaban harsashi ne tun ba a haifi ubansa ba. Cikin kwana uku ya kawo mana har gida, a goge, karin wandon kamar ya yanka hannu.

Takalmi muka aro wurin wani tsohon maigadi, ya yi wa Baba yawa, na cusa tsumma a bakinsa. Lambar yabo kuwa, wadda ban taɓa sanin yana da ita ba, cikin wani gwangwanin madara ya ce in duba, ƙasan buhun iri. Ta yi baƙi ƙirin. Na zauna da toka da lemun tsami na yi ta dirza har sai da ta ɗauki ido, ina dirza ina mita, wai a ce mutum na da irin wannan a gida ya bar ɗiyarsa tana dambe a makaranta.

Shugaban tsofaffin sojojin garinmu wani dogon dattijo ne mai kunne ɗaya, kowa Saje yake ce masa. Ya shekara da shekaru yana lallashin Baba ya fito. Da labari ya kai masa sai ga shi da sandarsa, tun daga zaure yake ihu, "Ina Kofur? Ina mamacin nan? Yau kabari ya buɗe!" Suka rungume juna suna tari. Baba ya ja shi gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, na ga fuskar Saje ta canza. Sannan ya ce ko da rarrafe ne za su je Kamarawa.

Kwana huɗu Saje na zuwa tsakar gidanmu yana tuna wa Baba taku. "Lef, rai! Lef, rai! Kai Kofur, wace ce hagunka?" Awaki na tsallake-tsallake, kaji na watsewa, jikokina na biye da su da karan dawa a kafaɗa. Ranar farko Baba ya juya dama ya yi karo da randa. Rana ta uku kuwa, da Saje ya daka tsawa, sai na ga bayan nan da ya ranƙwafa shekara da shekaru ya miƙe tsaf, ƙafa ta daki ƙasa har ƙura ta tashi. Na ce, "Kai! Ashe abin na nan!" Na jefar da muciya na shiga tafi.

Ranar fareti ban iya karyawa ba. Na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure, na kwashi 'ya'ya da jikoki da duk maƙwabciyar da ta yarda, muka kama wuri a gaba tun ba a jera kujeru ba. Sojoji matasa suka fara wucewa da bindigoginsu, ƙafa ɗaya, hannu ɗaya. Sai mai sanarwa ya ce ga mazan jiya nan. Su bakwai ne kacal suka rage masu iya tafiya. Kowanne da ɗan jan fure maƙale a ƙirji, wani hularsa ta koɗe, wani kakin ya yi masa yawa don jiki ya zube. Baba ne na uku a sahu.

Jama'a, na ga abin da na jira tun ina 'yar firamare. Ubana ne ke tafe, haɓa sama, hannu na kaiwa da komowa, lambar nan na walƙiya a rana. Ɗingishin da na san shi da shi duk rayuwata ban san inda ya ajiye shi ba. Na haye kan benci, ni da gwiwar da ke damuna, ina ihu, "Wancan ne babana! Na ukun nan! Babana ne!" Wani ɗan sanda ya ce Hajiya ki sauko, na ce ɗana ka bar ni, ba ka san tun yaushe nake jiran wannan rana ba. Can na hango mai giɓin nan cikin taro, na ɗaga mata hannu biyu don ta gani da kyau. Ita ma tafi take yi.

Daga nan aka busa begila, fili ya yi tsit. Aka yi addu'a ga waɗanda suka tafi ba su dawo ba, na da da na yanzu. Uwar yaron nan maƙwabcinmu na kusa da ni, na riƙe hannunta. Na dubi Baba a ƙame, leɓensa na motsi, sai abin da ke gabanmu ya dawo mini a rai.

Ana watsewa Saje ya tara mutanensa. Ba wanda ya ce ya gaji. Ƙanen mijina na da a-kori-kura da yake ɗaukar hatsi, shi na riga na tsayar. Muka shimfiɗa katifu a baya, aka ɗora tsofaffi ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan gero, kowanne na cewa a yi hankali da gwiwarsa. Baba aka sa a gaba, ni na zauna baya tsakiyar sojoji. Hanyar Isa a shekarun nan ba a yi mata sakaci, sai da rana tsaka kuma cikin ayarin motoci, don haka muka bi sahun masu zuwa kasuwa.

Ban taɓa tafiya mai daɗin wannan ba, Allah Ya yafe mini. Tun ba mu bar gari ba wani mai haƙori biyu ya tayar da waƙar da suke yi a bariki, saura suka amsa, suna buga gefen mota da sanduna. Suka shiga tonon asirin juna, wane ya gudu ya bar tukunyar wake, wane ya harbi kututture dare guda yana tsammanin abokin gaba ne. Na yi dariya har da hawaye. A shingen bincike sojan da ke tsaye ya leƙo zai tambayi inda za mu, yana ganin lambobi sai ya ja da baya ya ƙame ya sara musu, ya kira 'yan'uwansa su ma suka jeru. Tsofaffin nan suka yi ta ƙoƙarin miƙewa cikin mota don su rama. Saje ya ce musu, "Allah Shi maishe ku gida da ƙafafunku, ɗiyana." Na ce wa ƙanen mijina ya danna oda, ya kuwa danna. Ta gilashin baya nake hango ƙeyar Baba, shi kaɗai ne bai juyo ba.

Kuskuren da aka yi a Kamarawa nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Mun shiga gari da oda da waƙa. Da farko mata suka fara kwasar yara, don mota cike da masu kaki ba kullum take zuwa da alheri ba a zamanin nan. Da aka ga furfura sai aka dawo ana dariya, aka kewaye mu. Ni kuma, da bakina da ba ya jiran shawara, na miƙe na ce da ƙarfi, "Ina gidan tsohuwar nan 'yar Kurawa, wadda yayanta ya tafi soja?" Kafin in rufe baki wata mata ta kwasa da gudu tana kiran Gwaggo, tana cewa ta fito, ga tsofaffin sojoji Gobirawa an kawo, gidanta suke tambaya.

Saje ya jera mutanensa a ƙofar gidan, sahu ɗaya, kowa a ƙame. Sai muka ji guɗa daga ciki.

Gwaggo ta fito ba takalmi, ɓawon gyaɗa manne a zanenta, tana guɗa tana tuntuɓe. "Ya zo! Na faɗa muku shina zuwa! Wane ne? Wane ne cikinsu?" Idonta ya yi rauni, don haka ta kama fuskar na farko da hannu biyu tana shafa kumatunsa. Biyar cikin bakwai ɗin nan duk masu tsagen Gobir ne. Ta shafa, ta ƙura ido, ta girgiza kai, ta matsa ga na biyu. Tsofaffin da suka cika hanya da waƙa ba wanda ya motsa, hawaye kawai ke bin tsagen. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ta zo kan Baba ta gane shi nan take. "Yaya, kai ne! Kai ka kawo shi? Ina shi? Ko shina cikin mota?" Ta juya za ta nufi motar.

Baba ya cire hularsa. Saura shida suka cire tasu.

Ta tsaya. Ta dubi hulunan nan a hannuwansu, ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya fara da irin maganar da ya ji sojojin nan sun yi wa maƙwabciyarmu, cewa ya zo ne ya shaida mata ɗan'uwanta ya rasu a bakin aiki. Daga nan tsarin ya watse masa. Ya durƙusa a gabanta da sabon kakinsa, ya faɗi komai, kogin, zazzaɓin, kambun, da ƙaryar da ya yi ranar da ya dawo. Bai nemi uzuri ko ɗaya ba. Mutanen gari na tsaye, ko tari babu.

Gwaggo ta zauna a dakalin ƙofar gida. Ta shiga cire ɓawon gyaɗa daga zanenta tana yarwa. Ni dai na gama shirya kunnena don jin tsinuwa.

"An yi mai salla?" ta ce.

"An yi mai. Mutumin Isa yac ce da hannunshi ya rufe shi, ya fuskantar da shi gabas."

"Sadakar da anka yi gidanku, ta uku da ta bakwai da ta arba'in."

"Tashi ce. Sunana kawai anka kira."

Ta buɗe tafin hannuwanta tana kallo. "Ni na daka geron gumbar nan," ta ce. "Shekarata sha biyu. Inna tac ce in tafi in kama wa maƙwabta aiki, ɗansu ya mutu. Na yi daka har hannuna ya yi kanta, ina kuka don tausayin uwarka. Ashe yayana nika yi wa."

Sai a lokacin ta fashe da kuka, irin kukan da ake yi wa gawar da ke kwance cikin ɗaki. Na rungume ta muka yi tare. Da ta lafa ta share fuska da gefen mayafina, ta dubi Baba da ke durƙushe har yanzu.

"Inna ta mutu kunnenta na bakin ƙofa," ta ce. "Wannan tsakaninka da ita ne da Allah, ba ni da ikon yafe shi. Nawa na yafe. Tashi, kana ɓata kayan sarki."

Daga nan ta koma Gwaggon da na sani, mai ba da umarni. Ta ce a fitar da tabarmi a shimfiɗa ƙofar gida, a kira liman, a jiƙa gero. Ta ce in shiga in ɗaura zane in kama taɓarya, tunda bakina ya iya tara mutane, hannuna ma ya yi aiki. Liman ya zo da sauri yana tambayar wa ya rasu, don bai ji an yi sanarwa ba. Gwaggo ta faɗi sunan yayanta da na ubansu, ta sa masa marigayi a gaba, muryarta ba ta yi rawa ba. Aka ɗaga hannu. Ina daga cikin zaure na ji sunan nan ya fita daga bakin liman, jama'a suka amsa da amin, amin ɗin tsofaffin sojoji ta fi ta kowa ƙarfi.

Da aka shafa, Baba ya ja jiki zai koma can ƙarshen tabarma cikin baƙi. Gwaggo ta leƙo ta ce ina za shi. Ta nuna masa wurin da masu amsar gaisuwa ke zama, kusa da liman. Ta ce marigayi ba shi da sauran ɗan'uwa namiji, don haka nan ne wurinsa har kwana uku.

Ya zauna, hular na kan gwiwarsa. Mutanen gari suka yi layi. Saje ne ya fara matsowa, ya sara, sannan ya durƙusa da ƙyar ya miƙa masa hannu.

"Kofur, ya haƙuri?"

Baba ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ya kasa.

"Ka amsa wa mutane, Yaya," Gwaggo ta ce daga bakin zaure. "Kai ma abokinka ya mutu, ba wanda ya taɓa gaishe ka."

Baba ya riƙe hannun Saje da hannu biyu. "Da godiya," ya ce.

Sai na bayansa ya matso.